Babi na Biyar: Riƙo da Motsi, Wanne Ya Kamata Ya Riga?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin samarin da ke fita motsa jiki, ko a filayen ƙwallo na unguwar Zariya cikin Maraɗi, ko a bakin hanyar Tibiri inda masu gudu suke bi tun rana ba ta ɗaga ba, ita ce: shin kafin mutum ya shiga wasa, tsayawa ya kamata ya yi ya miƙe ƙafa, ya kama yatsu, ya riƙe har ya ji jijiya ta saki, ko kuwa sassarfa da wurga ƙafa zai yi ta yi har gumi ya tsatso? Manyan da suka yi lakwal a dā suna cewa malamin wasanni bai taɓa barin yaro ya shiga fili ba sai ya duƙa ya ƙirga ashirin, alhali kuwa ƙannensu suna ganin manyan ƴan ƙwallon duniya a talabijin ba sa tsayawa wuri ɗaya kafin a busa usur. Domin a warware wannan saɓani, wajibi ne mu fara sanin irin aikin da tsoka take yi, sa'an nan mu duba abin da masana suka jarraba suka gani, daga bisani kuma mu ajiye kowane abu a muhallinsa.

Aikin tsoka iri biyu ne

Tsoka ba ta san wani aiki ba sai ja. Idan umarni ya zo mata daga ƙwaƙwalwa sai ta ɗaure ta ja ƙashin da take manne da shi, amma sakamakon wannan ja yana zuwa ta fuska biyu, gwargwadon ko gaɓar ta motsa ko ba ta motsa ba.

Dubi mace mai daka a tsakar gida. Tana ɗaga taɓarya, damtsenta ya tattare ya gajarce, tana sauke ta, ya saki ya koma tsawonsa, kuma haka za ta yi ta maimaitawa, gwiwar hannu da kafaɗa suna buɗewa suna rufewa, har gero ya yi laushi. Wannan shi ne aiki mai motsi, kuma a cikinsa ne tafiya da gudu da tuƙa keke da jan guga suke. Sa'an nan dubi ita wannan mace bayan ta ɗora bokitin ruwa a ka, ta ɗaga hannu ɗaya ta tallafe shi: wuyanta bai lanƙwasa ba, hannun bai sauka ba, mai kallo zai zaci babu abin da suke yi, amma da za ka taɓa tsokar wuyan da ta kafaɗar, da ka ji su a ɗaure tamau, domin suna ja ne daidai da nauyin da ke danna su, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne aiki mai riƙo, wanda likitoci suke kira isometirik, wato tsoka tana aiki tsawonta bai sauya ba.

Da wuya a sami sana'ar da ta keɓanta da ɗaya kaɗai. Manomin rani a fadamar Jiratawa, wanda ya duƙa tun hantsi yana cire ciyawa a tsakanin layukan zogale, hannuwansa suna aiki mai motsi, amma gadon bayansa da bayan cinyoyinsa suna aiki mai riƙo, kuma idan ya tashi miƙewa da azahar, ƙugun da bai motsa ba shi ne yake fara yi masa ƙara kafin hannuwan da suka wuni suna kai da komo.

Me ya sa riƙo ya fi saurin gajiyarwa?

Dalilin wannan yana ga jini. Hanyoyin jini suna ratsa cikin tsoka, saboda haka duk lokacin da ta ɗaure sai ta matse su, idan ta saki kuma sai su buɗe sabon jini ya shigo. A aiki mai motsi, wannan matsi da saki da ke bin juna yana taimakon zuciya, domin yana tura jinin da ya gama aiki ya koma sama, musamman daga sharaɓa, wadda ta fi nisa da ƙirji. Shi ya sa mutum yake iya tafiya daga Maraɗi zuwa Tibiri a ƙasa bai faɗi ba, amma sojan da aka tsayar ƙyam a fareti cikin rana, ƙafafunsa ba sa motsi, jini yakan taru masa a ƙasa har jiri ya kwashe shi.

A aiki mai riƙo kuwa, muddin ƙarfin ɗaurin ya yi yawa, hanyoyin suna zama a matse babu sassauci, iskar da tsoka take buƙata ta yi ƙaranci, dattin aiki ya taru, sai a ji zafi da makyarkyata cikin ɗan lokaci. Zuciya kuma, da yake tana son ta tura jini ta ƙofar da aka danne, sai ta ƙara matsin jinin. Ke nan aiki mai motsi ya fi ɗaga bugun zuciya da numfashi, shi kuwa mai riƙo ya fi ɗaga matsin jini a lokacin da ake yin sa, kuma wannan bambanci za mu sake komawa kansa idan mun zo maganar masu hawan jini.

Darasi daga filin kokawa

Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a kai su nesa domin su ga ƙarfin riƙo, tun da ɗan jiharsu ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, ya ɗauki takobin kokawa na ƙasa a karon farko da aka yi gasar a Tawa cikin 1975, kuma sunansa ne filin kokawar garin yake ɗauke da shi. Wanda ya taɓa zama kusa da da'irar ya san cewa karawa tana da fuska biyu. Da farko ƴan kokawa suna zagaya juna a duƙe, suna kai hannu suna janyewa, sa'an nan sai su sarƙe, goshi ya haɗu da kafaɗa, ƙafafu su nutse cikin rairayi, su tsaya kamar an dasa su, alhali kuwa jijiyoyin wuya sun fito ruɗu-ruɗu, cinyoyi suna rawa. A wannan tsayuwa kowannensu yana zuba iyakar ƙarfinsa, kuma wanda riƙonsa ya fara sassautawa shi ne za a ɗaga. Amma ɗagawar da kayarwar, waɗanda suke faruwa cikin ƙiftawar ido, aiki ne mai motsi. Wanda yake da riƙo ba shi da zafin nama ba zai kayar ba, wanda kuma yake da zafin nama ba shi da riƙo ba zai daɗe a tsaye ba.

A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jamus, Theodor Hettinger da Erich Müller, sun bayyana cewa idan mutum ya ɗaure tsoka da kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, na tsawon daƙiƙa 6 kacal a kowace rana, ƙarfinta yana ƙaruwa. Maganar ta bazu ƙwarai, har wasu suka zaci an huta da ɗaga ƙarfe da gudu. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa ƙarfin yana ƙaruwa, sai dai yana da iyaka: ya fi bayyana a daidai lanƙwasar da aka riƙe gaɓar, ba ya game dukkan zangon motsinta, kuma ba ya horar da numfashi yadda gudu yake yi.

Ita ma miƙa iri biyu ce

Abin da muka faɗa game da aiki, haka yake game da miƙa. Miƙa mai riƙo ita ce mutum ya kai gaɓa iyakar inda za ta iya zuwa a hankali, har ya ji ja ba tare da ciwo ba, sa'an nan ya tsaya a nan yana numfashi, kamar mai ɗora diddige a kan dakali ya sunkuya da miƙaƙƙen baya. Miƙa mai motsi kuwa ita ce ya riƙa kai gaɓar yana dawo da ita cikin natsuwa, kowane zuwa ya ɗan zarce na baya, kamar lilo da ƙafa gaba da baya, ko juya hannuwa daga kafaɗa, ko tafiya ana ɗaga gwiwa zuwa ƙirji, ko taku mai faɗi ana sauke ƙugu.

Akwai wata ta uku wadda mutane da yawa suke ɗauka ita ce mai motsi, alhali ba ita ba ce, wato mutum ya duƙa ya riƙa fizgar jikinsa ƙasa da ƙarfi domin yatsunsa su taɓa ƙasa. Illarta tana da sababi sananne. Allah Ya sanya wasu ƙananan masu tsaro a cikin tsoka, waɗanda aikinsu shi ne su ji tsawonta da saurin da ake jan ta, kuma da zarar an fizge ta sai su aika saƙo zuwa lakar gadon baya, amsa ta dawo nan take cewa ta ɗaure, tun kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ake ciki. Wannan ne likita yake gwadawa idan ya buga ƴar guduma a ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta yi tsalle da kanta, kuma masanin Ingila Charles Sherrington da abokin aikinsa Liddell ne suka yi bayaninsa dalla-dalla a 1924. Saboda haka mai fizga yana jan tsoka ne a daidai lokacin da take ƙoƙarin tattarewa, kuma wanda bai saba ba yana iya yi wa kansa rauni.

Dukawan da ke aikin fatar jar akuyar Maraɗi sun san cewa busasshiyar fata mai sanyi ba a ja ta da ƙarfi, sai an murza ta a hannu an lanƙwasa ta an warware har ta yi laushi, kuma jikin da ya tashi daga barci da asubar hunturu yana da rabo a cikin wannan hukunci, domin tsoka mai ɗumi ta fi karɓar ja, saƙon ƙwaƙwalwa kuma ya fi saurin isa gare ta. Sai dai misalin yana da inda ya tsaya, domin fata ba ta ji, tsoka kuwa tana ji. Yawancin sakin da mutum yake samu a makonnin farko na miƙa yana zuwa ne daga sabo, wato jiki ya daina ɗaukar wannan ja a matsayin haɗari, ya ba da izinin a ƙara gaba.

Abin da jarrabawa ta nuna

Shekaru da yawa malaman wasanni sun tafi a kan cewa miƙa mai riƙo kafin wasa tana kare mutum daga rauni, kuma ba a nemi hujja ba saboda maganar ta yi kama da gaskiya. A shekarar 2000 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a kan sababbin sojoji 1,538 a Ostareliya, inda aka raba su gida biyu tsawon mako 12 na horo: duka suna ɗumama jiki, amma kashi ɗaya suna ƙarawa da miƙa mai riƙo ta daƙiƙa 20 ga kowace babbar tsokar ƙafa. Da aka ƙirga raunukan da aka samu, bambancin da ke tsakanin ɓangarorin bai taka kara ya karya ba. A 2002 kuma masana biyu, Herbert da Gabriel, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka nuna cewa miƙa, kafin aiki ko bayansa, ba ta hana tsamin jikin nan da ake tashi da shi washegari.

Sa'an nan aka lura da wani abu na daban, wato tsokar da aka daɗe ana riƙe da ita a miƙe takan yi ɗan sanyi na wani lokaci. David Behm na ƙasar Kanada da abokan aikinsa sun auna wannan a 2016 daga bincike fiye da 100, suka ga cewa idan riƙon ya kai daƙiƙa 60 ko fiye a kan tsoka ɗaya, ƙwazo yana raguwa da kusan kashi 5 cikin 100, idan bai kai haka ba ragin bai wuce kusan kashi 1 ba, ita kuwa miƙa mai motsi ɗan ƙari take kawowa. Kashi 5 ba kome ba ne ga mai tafiya kasuwa, amma ga ɗan kokawar da zai ɗaga ƙato irinsa, ko mai tsaron gida da zai yi tsalle ya taɓo ƙwallo, yana iya zama shi ne tsakanin nasara da faɗuwa.

Abin da ya tabbata yana rage rauni shi ne ɗumama jiki mai tsari. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da wani shiri na minti 20 mai suna 11+, wanda ya haɗa gudu a hankali, da tsalle, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da riƙe jiki a miƙe bisa gwiwar hannu da yatsun ƙafa. Da aka jarraba shi a kan ƴan mata ƴan ƙwallo 1,892 a Norwe, aka buga sakamakon a 2008, sai aka ga raunuka sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Abin lura a nan shi ne shirin bai zaɓi motsi ya yar da riƙo ba, ya haɗa su ne, ya ba kowanne gurbinsa.

To, ina fa'idar miƙa mai riƙo?

Kada mai karatu ya fahimci cewa an soke ta. Ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ta buɗe gaɓar da ta ƙage, kuma masu buƙatarta sun fi ƴan wasa yawa: tela da ke wuni a kan keken ɗinki, da ɗan kabu-kabu da ƙugunsa ke lanƙwashe tun safe, da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke duƙe a kan takarda, da dattijon da ya fara jin zaman tahiya yana yi masa wuya. Duk gaɓar da aka daɗe ba a kai ta iyakarta ba, iyakar takan matso kusa.

Musulmi ya riga ya san siffar wannan miƙa ko da bai san sunanta ba, domin wanda ya yi ruku'u yadda malamai suka karantar, ya dafa gwiwoyi, ya daidaita baya, ya samu ɗuma'nina har gaɓoɓinsa suka natsu, zai ji ja a bayan cinyoyinsa. Salla ibada ce, ba domin motsa jiki aka shar'anta ta ba, kuma tsawon ruku'u bai kai abin da likitoci suke nema ba, amma ladabin da ke cikinta, na shiga a hankali da tsayawa ba tare da fizga ba, shi ne ladabin miƙa.

Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a riƙe daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita sau 2 zuwa 4, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako, dattawa kuma su kai daƙiƙa 30 zuwa 60. Sharaɗi shi ne jiki ya kasance da ɗumi, a tsaya inda ake jin ja, kada a kai inda ake jin suka, kuma kada a miƙa gaɓar da ta yi sabon targaɗe ko ta kumbura.

Gargaɗi ga masu hawan jini

Mun ce aiki mai riƙo yana ɗaga matsin jini a lokacin da ake yin sa, kuma abin da ke tsananta wannan shi ne ɗauke numfashi, irin yadda mai tura motar da ta kafe a yashi yake cije baki ya kumbura wuya. Duk mai yin riƙo, lafiyayye ne ko majinyaci, ya lizimci numfashi, kuma alamar cewa yana yi daidai ita ce ya iya ƙirgawa da baki a bayyane.

Abin mamaki kuwa shi ne, shi wannan riƙo, idan aka yi shi da mizani aka dawwama a kai, yana sauke matsin jini na yau da kullum. A 2023 wasu masana a Ingila suka tattara gwaje-gwaje 270 da suka ƙunshi mutane kusan 16,000, suka ga cewa dukkan nau'o'in motsa jiki suna rage hawan jini, amma mai riƙo ya fi, da kimanin maki 8 a lambar sama da 4 a ta ƙasa. Siffar da ta fi shahara ita ce a jingina baya da bango, a sauke ƙugu kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a riƙe minti 2, a huta, a yi haka sau 4, kwana 3 a mako. Amma wanda jininsa ya hau sosai, ko yake da ciwon zuciya, ko mace mai juna biyu, kada ya fara sai ya shawarci likita, kuma kada wani ya ajiye maganinsa saboda ya jingina da bango.

Jeri shi ne magana

Idan muka tattara abin da ya gabata, amsar tambayar da muka fara da ita ta fito: motsi ne yake riga, riƙo ya biyo baya. Mai shirin wasa ko gudu ko wani aikin ƙarfi ya fara da tafiya mai sauri ko sassarfa ta minti 5 zuwa 10, sa'an nan miƙa mai motsi wadda ta yi kama da aikin da zai shiga, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Idan akwai wata gaɓa da ta ƙage masa, babu laifi ya riƙe ta a taƙaice, ƙasa da rabin minti, sa'an nan ya koma motsi. Bayan an tashi, jiki yana da ɗumi, numfashi ya lafa, lokacin doguwar miƙa mai riƙo ya yi. Ayyukan ƙarfafa tsoka kuwa, masu riƙo da masu motsi, a ba su kwana 2 a mako, a kan minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa baligi wasiyya da su a 2020.

Wannan jeri ba baƙo ba ne ga magabata, domin Ibn Sina, a cikin littafinsa Alƙanun wanda ya kammala a 1025, ya yi babi a kan riyala, wato motsa jiki, ya lissafa kokawa a cikin nau'o'inta, kuma ya bambanta murzar da ake yi wa jiki domin shirya shi kafin a fara da wadda ake yi domin mayar da shi hayyacinsa bayan an gama. Abin da na baya suka ƙara shi ne awo da ƙidaya.

Sai dai duk wannan tsari an gina shi ne a kan jikin da ke da isasshen ruwa, alhali kuwa a ƙasarmu akwai watannin bazara da zafi yake haura digiri 40, akwai kuma Ramadan da yakan faɗo a cikinsu. Yaya mai azumi zai motsa jiki, wane lokaci ne ya fi dacewa tsakanin sahur da buɗa-baki, kuma wace alama ce take nuna cewa gumi ya wuce haddi? Wannan shi ne abin da babi na shida zai yi bayani a kai, in Allah Ya yarda.